Ciyawar da Turai ta Hana a Sare

A ƙarshen unguwar Hajj Yusuf ta birnin Khartum, inda kwalta ke ƙarewa direbobin raksha, keke mai ƙafa uku, su fara ƙorafi, akwai wani gidan ƙasa da ake jin sa kafin a gan shi. Da safe hayaniyar tsuntsayen bayan gidan takan kai har bakin titi. Mai gidan shi ne Halliru mai agashe, dattijo siriri wanda hayaƙin gawayi ya rina wa idanu. Matarsa Turai ba ta gani. Dominta aka yi shukar da ke bayan gidan, kuma a kan shukar ne ta kusa ƙin dawowa bayan yaƙi.

An haifi Halliru a wani ƙauye kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogi. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, ya tsaya noman guzuri, bai ƙara gaba ba. Aikin farko da Halliru ya yi a duniya shi ne korar tsuntsaye. Idan dawa ta fara nuna, akan kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi a rataya musu gwangwanaye, shi kuma ya wuni a sama da majajjawa yana ihu har muryarsa ta dushe.

"Jan-baki muke ce musu, Larabawa su ce zarzur," in ji shi. "In suka sauko sai ka ga gona ta yi duhu. Ni dai na tashi da sanin cewa tsuntsu ɓarawo ne."

Ya zo Khartum a shekarun farin nan na tamanin. Ya yi dako a kasuwar Suk al-Arabi, daga baya wani ɗan garinsu ya koya masa agashe, wato tsiren da mutanenmu suka shigo da shi ƙasar har ya zama abincin kowa. Ya kafa teburinsa kusa da tashar motoci. Da ya sami abin hannu ya koma ƙauye ya auro Turai, suka yi haya a unguwar Mayo, sannan suka sami fili a Hajj Yusuf suka gina ɗaki biyu da rumfa. Bayan ɗakunan akwai sarari mai ɗan faɗi. Babu ko kara a cikinsa. Da rana ƙasar takan yi zafin da ba a taka ta ba takalmi.

Turai tana dama godogodo, furar gero da nono, tana sayarwa a ƙofar gida. Ciwon suga ne ya ci idonta, a hankali, har ya zama ba ta bambance fitila da duhu. Hannunta bai manta da turmi ba, amma ƙafarta ta tsorata. Ta daina zagaya gidan. Takan wuni a kan angarib, gadon igiyar da ke cikin rumfa, sai an zo an kama hannunta.

Wata rana da yamma ta ce masa, "Malam, gidan nan ba ya magana."

"Da can hira yake yi miki?"

"A garinmu ko na rufe ido na san inda rijiya take, don kurciyoyi na can. Na san inda rumbu yake. Nan kuwa duk inda na juya, daga bango sai rediyon Hamuda."

Hamuda maƙwabcinsu ne, mutumin Shandi, tsohon direban motar haya, mai ƙatuwar murya. Katanga ɗaya ta raba su tun da aka yanka filayen.

Halliru ya ɗauka ya gane abin da take nufi. Ya tsallaka Omdurman ya sayo 'yan tsuntsaye biyu masu launi a cikin keji, ya rataye mata a rumfa. Ta shafa kejin da yatsu, ta saurara, sannan ta tambaye shi laifin da suka yi aka ɗaure su. Ta ce ya mayar. Ita wanda zai zo don kansa take so, ya tafi don kansa.

Daga nan ya fara shuka. Farkon abin da ya dasa damas ne, itacen da kowa ke dasawa a Khartum don yana saurin tashi. Ya tashi kuwa, ya yi inuwa, amma ba ya ba tsuntsu abin ci. Sukan sauka su huta su wuce. Sai Halliru ya zauna ya tuna da rumfarsa ta gona. Ina tsuntsayen suke gudu idan ya kore su? Cikin ƙaya. Ina suke zuwa da tsakar rana? Bakin ruwa. Me suke bi? Tsaba da 'ya'yan itace.

"Abin da na sani na kora, shi na juya," in ji shi.

Ya dasa magarya a kusurwa, lemun tsami kusa da madafa, lalle a jikin katanga. Ruwa a unguwar saye ake yi daga masu amalanken jaki, ba a zubar da shi haka kawai. Don haka ya ɗauki randar gidan, wadda a nan ake kira zir, wadda gindinta ke ɗiga dare da rana, ya tsayar da ita a kan ƙarfenta daidai saman dashen. Idan wannan ya kama ƙasa, ya matsar da ita kan na gaba. Alwala kuwa a gindin lalle kowa yake yi. Ya ajiye kasko ya riƙa zuba ruwa kaɗan, Turai kuma ta riƙa watsa dusa da tsakin gero a gindin magarya.

Sai da aka yi shekaru. Kurciyoyi suka fara zuwa kaskon. Baiwar Allah, 'yar jar nan ƙarama, ta saba da gefen turmi. Wani mai baƙin kai da 'yan Sudan ke kira bulbul ya kama lemun, kullum da asuba yana can. Ba wasu masu yawa ba ne, amma kowanne da wurinsa, abin da Turai take buƙata ke nan. Idan bulbul na damanta, madafa na gabanta. Idan kurciya na bayanta, ta fuskanci ƙofar ɗaki. Ta ajiye sanda. Ita da kanta take share gidan safe da yamma, ta yayyafa ruwa, kamar kowace matar unguwa.

Yaƙi ya tashi a watan azumin 2023. Sun yi haƙuri na wasu watanni, har masu amalanken ruwa suka daina shigowa, allurar suga ta ɓace daga kantunan magani. Suka hau bayan babbar mota zuwa Gadarif, inda autarsu Husna take aure. Aka ba su ɗaki a gidan surukanta, gidan da ya riga ya cika da masu gudun hijira. A can Turai ta koma yadda take a da. Ba ta ɗaga ƙafa sai Husna ta riƙe ta.

Da labari ya fara zuwa a 2025 cewa an daina harbi a unguwarsu, mutane suna komawa, Halliru ya fara haɗa kaya. Turai ba ta haɗa nata ba. Waɗanda suka je suka dawo sun faɗa mata cewa gas ya yanke tun farkon yaƙin, gawayi ya gagara, mutanen da suka rage sun sare itatuwan unguwar sun yi girki.

"Ka tafi kai kaɗai, Malam," ta ce.

"Hajja, gidanki ne fa."

"Ƙofa in an ɓalle ka sa wata. Gado ka saƙa wani. Itace fa? Sai na jira wasu shekarun ina zaune kamar kayan wanki? Nan aƙalla yarinyar nan na kusa. Can kai za ka fita neman abinci, ka bar ni da bango."

"To ni wa zai riƙa yi mini faɗa?"

"Hamuda na nan."

Ta faɗa da wasa, amma ba wasa take yi ba. Sun kusa shekara arba'in tare, bai taɓa kwana a gari ɗaya ita a wani ba, sai lokacin haihuwa. Ya san kuma ba zai iya zama a gidan surukan 'yarsa har abada ba. Ya ce zai je ya gani da idonsa. Ta ce ya je.

Ya isa Hajj Yusuf ana tsakiyar damina. Ƙofar gidan babu, tagogi babu, an zare wayoyin wuta daga bango, an ɗauke fanka da gadaje. Bai tsaya ƙirga asara ba, ya wuce bayan ɗakuna.

Damas ya zama kututture. Lemun ya bushe ƙayau. Magaryar an sare ta daidai ƙirjin mutum. Amma ba ta mutu ba: ta tofo ta ko'ina, ta zama ƙaton cunkus na rassa da ƙaya wanda ya fi katanga tsawo. Damina uku ba a sa tsintsiya a wurin ba. Ciyawa ta kai ƙugu, ga tafasa, ga tumfafiya, ga gero ya tsiro da kansa inda Turai take daka, har ya fitar da kai. Randar ta fashe, gindinta ya tara ruwan sama. A jikin rassan magaryar kuwa sheƙuna ne rataye kamar ƙananan buta, masu su rawaya, suna ta kai da komo da zaren ciyawa a baki.

Halliru ya ce bai taɓa jin gidan ya yi ƙara haka ba. Ya kutsa cikin ciyawar har tsakiya, ya kira wayar Husna, ya ce ta ba uwarta. Bai yi magana ba, ya ɗaga wayar sama.

Can ya mayar da ita kunne.

"Wannan ai marai ne," in ji Turai. "Malam, ba mu taɓa samun marai a gidan nan ba. Kana ina?"

"Ina tsaye inda turminki yake zama a da."

"Kada ka je bakin kogi ka ɗauko mini kukan tsuntsayen mutane."

"Hajja, da tsufana?"

Ta ce ya zo ya ɗauke ta ta ji da kunnenta. Idan haka gidan yake, za ta zauna. Idan ba haka ba, Husna za ta rako su, da ita za ta koma.

Hamuda ya riga shi dawowa da 'yan watanni. Ya rame, amma muryar tana nan. Suka rungume juna a bakin titi. Shi ya gaya masa cewa damas ɗin a tukunyar masallaci ya ƙare, inda aka riƙa dafa wake da lentil, wani ɗan ƙaramin wake, ana raba wa waɗanda suka maƙale a unguwar. Halliru ya ce Alhamdu lillahi, wannan ne amfani na farko da itacen ya yi. Ya kuma gaya masa cewa ranar Juma'a zai shigo da Turai.

Akwai abin da bai gaya masa ba. Tun da mutane suka fara dawowa, unguwar ta farfaɗo da nafir, wato gayya. Duk Juma'a da safe maza sukan fito da lauje da adda da shebur, mata da tsintsiya, a shiga gidan wanda zai dawo, a nome, a share, a tara a ƙone. Galibi mai gida ne yake kira, ya dafa shayi. Amma idan tsoho ne ko marar lafiya, ba a jiran ya kira, kuma ba a gaya masa, don kada ya ji nauyi. Ga shi a daminar zazzaɓin sauro mai karya gaɓoɓi ya kwantar da rabin unguwar. Sittana matar Hamuda ma ba ta daɗe da tashi ba. A irin wannan lokaci da wane baki dattijo zai ce a bar masa ciyawa? Halliru ya ce a ransa idan Turai ta zo sa san yadda za su yi. Bai kawo cewa shi ma yanzu a cikin tsofaffi ake lissafa shi ba.

Ranar Juma'ar suna cikin mota, sun baro Gadarif, rana ta ɗaga, wayar Husna ta yi ƙara. Sittana ce. Ta kasa riƙe albishir ɗin.

"Ya Hajja Turai, barka da hanya! Kada ki damu da komai. Maza sun shiga gidanki tun da safe. Wallahi za ki same shi tas kamar tafin hannu, ko tsinke ba za ki taka ba."

Turai ta yi godiya yadda ya kamata, ta tambayi jiki, ta miƙa wa Husna wayar. Sannan ta juya fuskarta wajen taga.

Halliru ya karɓi wayar ya kira Hamuda. Tana shiga, ba a ɗauka. Mai aikin gayya yakan cire jallabiya ya rataye, wayar na cikin aljihu. Ya sake kiran Sittana, layin ya ɗauke. Daga nan har garin Madani babu sabis, sai shingayen bincike, a sauke mutane a duba takardu a sake lodawa. Duk inda sabis ya leƙo ya gwada, ba a dace ba.

"Baba, ka bari haka, cajin zai ƙare," in ji Husna.

"Ka bar su," in ji Turai, ba ta juyo ba. "Alheri suke yi. Wa zai ce wa mai alheri ya tsaya?"

Ba ta ci abincin da aka saya a hanya ba. Can ta tambayi Husna ranar da motar take komawa Gadarif. Husna ta ce Lahadi. Ta ce to.

Sun shiga unguwar bayan la'asar. Tun daga bakin layi Turai ta ce tana jin ƙaurin hayaƙi. Gaskiya ne, an tara shara a ƙofar gida an ƙone. An sa wata tsohuwar ƙofar langa-langa, an share ɗakunan, an yayyafa wa tsakar gida ruwa, an kawo aron angarib biyu. Amma a lungun da ke bi zuwa bayan ɗakuna an gitta igiya, an ɗaura mata jan ƙyalle. Maza suna zaune a waje, ba mai hira.

Hamuda ya taso. Bai yi ihun da ya saba ba.

"Ya Hajj, kai ka shiga ciyawar nan?"

"Na shiga."

"Har ina?"

"Har tsakiya."

Hamuda ya dafe kai ya yi salati. Ya ce sun gama da gaba, suka zagayo baya. Shawarar da suka yanke ita ce a sare gefe-gefe don kada wuta ta ci katanga, sannan a cinna wa sauran. Shi ne ya fara sara daga jikin katangar baya. Bai yi nisa ba ya ga wutsiyar ƙarfe ta leƙo daga ƙasa. Dana ce, harsashin igwa, ta faɗo cikin laka ta nutse ba ta fashe ba. A lokacin mai ashana ya riga ya fito da ita daga aljihu.

Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, aka fita da baya-baya. An aika wa masu cire irin waɗannan abubuwa, sun ce kada a taɓa, kada a kunna wuta, suna zuwa.

Halliru ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.  Turai ta lalubo kafaɗarsa ta dafa.

"Wato a kan wannan ka tsaya kana ɗaga mini waya?"

"Ban sani ba, Hajja."

"Allah ya tsare. Ya Hamuda, ba wanda ya ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane."

"Alhamdu lillahi." Ta juyo wajensa. "Ciyawar fa?"

Hamuda ya dube ta, ya dubi Halliru. Ya ce ta yi haƙuri, ciyawar tana nan, amma ya yi mata alkawari da zarar an ɗauke abin za su dawo su gama da ita.

A gidan Hamuda suka sauka, a can ɓangaren da ya fi nisa da katangar. Kamar kowa a wannan yanayi, a tsakar gida aka shimfiɗa musu. Da aka idar da sallar asuba Halliru ya tarar da ita zaune, ta karkata kai. Gari na wayewa bayan katangar ya ɓarke. Ta riƙa kiran su ɗaya-ɗaya a hankali, kamar mai duba 'yan biki: kurciya, marai, baiwar Allah.

"Bulbul ba ya nan," ta ce.

"Lemun ya mutu."

"Na sani tun da ban ji shi ba." Ta ƙara saurarawa. "Akwai wani kuma da ban san shi ba, mai siririyar murya, can wajen geron. Wane iri ne?"

Ya leƙa ta saman katanga ya ce ƙarami ne, cikinsa shuɗi.

"To, baƙo ne. Ya zo ya tarar masu gida ba sa nan."

Ya jira ta ce wani abu game da zama. Ba ta ce ba. Abin da ta ce shi ne Juma'a mai zuwa za su dawo da laujensu, kuma ta ga alamar shi ba zai iya buɗe baki ba. Ta sa Husna ta ɗaga tafiyar Lahadi zuwa wani makon.

Masu cirewar suka zo cikin makon. Suka fitar da mutanen layin gaba ɗaya, suka tone abin suka tafi da shi, suka bi sauran filin da na'urarsu, suka ce babu saura.

Ranar Juma'a da safe maza suka taru a ƙofar gidan. Turai ta sa aka fito mata da angarib tsakar gida, ta yafa tobinta, mayafin matan Sudan, Husna ta zagaya da shayi. Sai da kowa ya kurɓa sannan ta yi magana, da Larabcinta mai ƙamshin Hausa. Ta gode musu, ta yi wa iyayensu addu'a. Sannan ta ce bayan gidan ba za a ƙone shi ba, ba kuma za a share shi ba.

 Hamuda ne ya fara.

"Ya Hajja, ke da tsintsiyarki ke tashin mu daga barci? Yau ke ce mai son daji?"

"Daji ne ya tsare mini gida da kuka gudu."

"Ke ma ai kin gudu!"

"Ni makauniya ce, ja na aka yi. Kai da idonka biyu ka gudu."

Aka yi dariya. Amma Hamuda ya gyara zama ya ce maganar ba ta wasa ba ce. Ya ga Sittana kwance ba ta iya juya wuya. An binne yaro a layin baya. Sauro ba ya tambayar katangar wa ya tsallaka, ga macizai. Wasu suka gyaɗa kai.

Turai ta ce gaskiyarsa. Ta tambayi Sittana abin da ma'aikatan lafiya suka ce da suka zagayo. Sittana ta ce sun fi matsawa a kan ruwan da ke kwance: a kife gwangwani, a rufe ganga, a riƙa wanke randa. Turai ta ce to, a fasa gindin tsohuwar randar a fitar, a cike duk wani rami. Kaskon tsuntsaye Malam zai zubar da ruwansa kullum da yamma ya goge shi, in ya manta Hamuda ya leƙo ya zage shi, ta ba shi izini. Jikin katanga duka a nome, a buɗe hanya. Amma geron, da abin da ke gindin magarya, da rassan da ke ɗauke da sheƙa, a bar su.

"Ni da su nake gani," ta ce. "In kuka share, kun gyara wa Malam gida, ni kuma kun mayar da ni Gadarif."

Ba wanda ya san maganar ta kai nan. Hamuda ya juya wajen Halliru.

"Ya zol, bawan Allah, shi ne ba ka faɗa ba? Ka bar mu muna shirin raba ka da matarka saboda Allah?"

"Kunya na ji."

"Kunyar ciyawa! Mutumin da ya shekara talatin yana sayar mana da naman da ba mu san asalinsa ba!"

"Kai ne ka fi kowa ci."

Aka tashi. Yadda aka yi aikin ba a taɓa yin nafir irinsa a unguwar ba. Turai ta dafa kafaɗar Sittana ta tsaya a bakin lungu, ta saurara, ta nuna da hannu. Maza biyu suka shiga gabanta suna sara, tana biye. Ta ce a karkata hagu, aka karkata. Ta ce a tsaya, nan turmi zai zauna, aka faɗaɗa wurin. Daga nan aka ja wata hanyar zuwa madafa, wata zuwa inda sabuwar randa za ta tsaya. Duk lokacin da lauje ya matsa kusa da magarya sai marai su tashi da ihu, ita kuma ta ce, "Kun ji, an ce ku ja baya." Kafin lokacin masallaci an gama. Aka kwashe abin da aka sare aka kai can bayan layi.

Da yamma, da mutane suka watse, ta saki hannun kowa ta bi hanyoyin ita kaɗai. Ƙaya ta kama mata tobi sau ɗaya, ta tsaya ta cire. Ta je madafa ta dawo. Halliru da Husna suna tsaye suna kallo, ba wanda ya motsa.

"Iya," in ji Husna, "gobe zan je tasha. Kujera nawa zan kama?"

"Ke da wa za ki tafi? Ki kama taki. Mijinki ya gaji da cin abincin uwarsa. Ki turo mini turmina da ragowar allurar."

 Halliru ya shiga gidan Hamuda ya aro gawayi da wayar gashi, ya aika aka yanko nama. A daren ya gasa agashe na farko tun da aka fara yaƙi, ya raba wa gidajen layin.

Suk al-Arabi bai farfaɗo yadda zai koma ba tukuna, don haka yanzu Omdurman yake tsallakawa da teburinsa, ya fita da hantsi ya dawo bayan isha. Turai takan wuni ita kaɗai, ta koma dama godogodo. Marai sun fitar da 'ya'yansu sun tafi da ƙarshen damina, ciyawar ta bushe, wasu ƙananan suka sauko cin tsabarta. Sittana tana ƙorafin kashin tsuntsu a kan shanyarta, ta matsar da igiyar can gefe. Kullum kafin magariba akan ji muryar Hamuda ta saman katanga yana tambaya ko an zubar da ruwan kasko. Da yake Halliru ba ya nan a lokacin, Turai ce take zubarwa, ita ce kuma take ba shi amsa.